Wane haƙorin difransha zan saka wa 328i ɗina don filin tsere?

Dan_Wunti328: Assalamu alaikum 'yan gida. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni a harkar. Ina da BMW E36 328i mai giyar hannu guda biyar, injinta M52 ne ba a taɓa shi ba, tayoyi 225/45R17. Sau biyu ke nan ina bin abokai zuwa wani filin tsere a kudu, irin ranar da ake buɗe wa kowa fili ya biya ya shiga da motarsa. Matsalata ita ce fita daga kwana. In na bar ta a giya ta uku sai ta yi sanyi kamar wadda ba ta karya ba, in na dawo ta biyu kuma kafin in daidaita sitiyari ta ƙure tana ihu. Difranshan da ke ciki, wato akwatin haƙoran da ke raba juyin inji ga tayoyin baya biyu, na kamfani ne, 2.93, ma'ana farfela (sandar da ke kawo juyi daga giyabos) tana juyi 2.93 kafin taya ta yi ɗaya. Wani ya ce in saka 3.91, wani ya ce 3.38, makanikena a nan Bauchi ya ce in bar wa Bature kayansa yadda ya yi. Wanne zan ɗauka? Ku lura, da ita nake zuwa aiki, kuma da ƙafarta take zuwa filin, ba a tirela ba.

Sarkin_Totur: 3.91 kawai, kada ka tsaya sauraron kowa. Ranar da ka taka ta za ka rantse an canza maka inji.

Injiniya_Tumfure: Wa alaikumus salam. Sarkin Totur, a yi haƙuri, ba a rubuta wa mutum magani kafin a ji ciwonsa. Ɗan Wunti, amsa min abu uku: gudun nawa kake kaiwa a ƙarshen miƙaƙƙiyar hanya mafi tsawo kafin ka taka birki? Da gudun nawa kake fita daga kwanar da ta fi matsewa? Sauran kwanonin kuma fa? In da hali ka ba ni abin da GPS na waya ya nuna, don allurar mota takan ɗan yi ƙari.

Dan_Wunti328: Injiniya na gode. Na duba bidiyon da na ɗauka. Ƙarshen miƙaƙƙiyar ina kaiwa wajen 155 a giya ta uku, dab da jan layi, wato iyakar juyin inji. Matsattsiyar kwanar wajen 60. Sauran yawanci 75 zuwa 85.

Injiniya_Tumfure: Madalla, yanzu aka zo wurin. Bari in baje lissafin kowa ya gani.

Tayarka 225/45R17 duk juyi ɗaya tana cin ƙasa kusan mita 1.99. Giyabos ɗin ZF da ke cikin 328i kuwa, ta biyu 2.49 ce, ta uku 1.66, ta huɗu 1.24, ta biyar 1.00. Jan layin injinka yana juyi 6,500 a minti. Da 2.93 ɗin da kake da shi, ta biyu tana ƙarewa a kilomita 106 a awa, ta uku 160, ta huɗu 214. Wato a filin nan naka giya biyu kawai kake mora, ta huɗu da ta biyar ɗaukar su kake yi a banza kamar baƙin da suka zo cin tuwo.

In ka saka 3.38, ta biyu 92, ta uku 138, ta huɗu 185. In 3.64 ne, 86 da 129 da 172. In kuma 3.91 na Sarkin Totur ne, 80 da 120 da 160.

To kalli kwanonin nan na 80. Yanzu a ta uku injinka yana juyi kusan 3,250, shi kuwa M52 na 2.8 ƙarfin murɗinsa yana cika ne a 3,950. Sanyin da kake ji ke nan, ba wani aljani ba ne. Da 3.38 za ka fita a 3,750, da 3.64 kuma a 4,040, daidai inda injin yake da ƙarfi. Ni da motata ce 3.64 zan nema.

Baban_Khairat: Injiniya ka yi ƙoƙari amma ka manta ya ce da ita yake zuwa aiki. A E36 giya ta biyar 1.00 ce, babu wata giyar hutu a samanta. Da irin wannan tayar lissafin ma sauƙi ne da shi: a gudun 120, lambar difranshanka sau dubu ita ce juyin injinka. 2.93 kusan 2,900, 3.64 kusan 3,650, 3.91 kusan 3,900. Ka yi tunanin tashi daga Bauchi ka bi Jos, Akwanga, Abuja, Lokoja, inji yana ta kuka a kunnenka yini guda. Ga kuɗin fetur yadda ya koma tun da aka cire tallafi a 2023.

Sarkin_Totur: Wanda ke lissafin fetur me ya kai shi filin tsere? Ya sayi Keke Napep mana.

Baban_Khairat: Kai yaro ne, ranar da ka fara biyan kuɗin makaranta za mu sake wannan maganar.

Malam_Fadaman_Mada: Baban Khairat, wa ya ce ma a yi 120 a hanya? Dokar 'yan Road Safety 100 ce ga ƙananan motoci a hanyar express, 80 kuma a sauran manyan hanyoyi. Kuma hanyar Bauchi zuwa Jos a damina, ramukan ma ba za su bar ka ba.

Oga_Farfela: Ni makanike ne, shekaruna a ƙarƙashin Marsandi da BMW sun fi na wasunku a duniya. Abu ɗaya nake so yaran nan su gane. Difransha ba ya ƙara wa inji doki ko ɗaya. Dokin da Jamus suka ba ka, wajen 190, shi ne dai. Abin da haƙori ke yi shi ne ya ƙara maka ƙarfin tura taya ya karɓe maka tsawon giya. Daga 2.93 zuwa 3.64 ka samu ƙarin turi kusan kashi 24 cikin ɗari a kowace giya, amma iyakar gudun kowace giya ta ragu da kusan kashi 20. Ba kyauta ba ce, musaya ce. Ga wani abin da zai ba ku dariya: ku ninka 2.93 da 1.24, za ku samu 3.63. Ma'ana in ya saka 3.64, giyarsa ta biyar ta koma tsohuwar ta huɗu. Ɗan Wunti, gobe ka hau hanyar Gombe ka bar ta a ta huɗu tun daga Bauchi har Alkaleri, kada ka taɓa ta biyar. Abin da kunnenka ya ji da abin da allurar mai ta yi, shi ne rayuwarka da 3.64. Ba ka kashe ko sisi ba ka gwada.

Dan_Wunti328: Oga wallahi wannan dabarar ba ta taɓa zo min ba. Allah ya ƙara basira. Gobe Asabar zan gwada.

Yarima_E46: Ni da na ce ya ɗauki 3.15 na 325i, tsaka-tsaki ne, ba ihu a hanya kuma an ɗan samu ƙari. Ga shi ya fi sauƙin samu a kasuwa.

Injiniya_Tumfure: Yarima, a wannan filin 3.15 shi ne mafi muni a cikinsu duka, kuma dalilin da na tambayi gudun ƙarshen miƙaƙƙiya ke nan. Da 3.15 ta uku tana ƙarewa a 149. Shi kuwa yana kaiwa 155. Ke nan saura 'yan mitoci ya taka birki sai inji ya ƙure. Ko dai ya zauna a kan jan layi motar tana tari ba ta ƙara gudu, ko ya saka ta huɗu na daƙiƙa ɗaya ya sake dawowa. Duka biyun asara ne. 3.91 ma da irin wannan tarkon: ta huɗu tana ƙarewa a 160, yau yana 155, gobe hannunsa ya faɗa ya riƙa fita kwanar ƙarshe da kyau, sai ya ci karo da bango. Da 3.64 yana isa wurin birki a ta huɗu a juyi wajen 5,850, da sauran fili a gabansa. Ana zaɓen haƙori ne a kan inda canjin giya zai faɗo a filin, ba a kan wanda ya fi girman lamba ba.

Yarima_E46: Na karɓi gyara. Amma in ya canza fili fa? Ai ba fili ɗaya ne a duniya ba.

Injiniya_Tumfure: A Nijeriya filayen nawa ne da har zai ruɗe? Amma gaskiyarka, shi ya sa masu tsere na gaske suke ajiye fiye da guda ɗaya.

Hajiya_Altezza: Ku yi min afuwa in tsoma baki cikin maganar maza. Duk kuna ta lambobi babu wanda ya tambaye shi ko difranshan nasa buɗaɗɗe ne ko mai riƙo, wato wanda ba ya barin taya ɗaya ta yi ta juyawa ita kaɗai. In buɗaɗɗe ne, a matsattsiyar kwana nauyi yana barin tayar ciki, ita ce za ta yi ta juyawa a banza tana hayaƙi, ta wajen da ke da riƙon ƙasa tana zaune. Ka ƙara wa wannan turi kashi 24, ka ƙara hayaƙi ne kawai. Ni da zan zaɓa tsakanin 3.23 mai riƙo da 3.64 buɗaɗɗe, ba na ko dogon tunani.

Oga_Farfela: Hajiya ta fi ku duka. Ɗan Wunti, ɗaga bayan motar a jak, ƙafafu biyu a sama, giya a furi. Juya taya ɗaya da hannu. In ɗayar ta juya baya, buɗaɗɗe ne. In ta bi ta gaba tare, mai riƙo ne, wanda ake ce wa LSD.

Dan_Wunti328: Na je gareji yanzu mun ɗaga. Baya take juyawa. Hajiya kin gano ni, dama a kwanar 60 ɗin nan in na dawo ta biyu ina jin inji ya tashi amma motar ba ta tafiya, na ɗauka kuloci ne.

Sarkin_Totur: To a yi masa walda mana. Mai walda a bakin Muda Lawal zai haɗe haƙoran ciki cikin minti talatin, tayoyi biyu su riƙa juyawa tare. Duk masu wasan mota a biki haka suke yi.

Malam_Fadaman_Mada: Kada ka kawo mana maganar wasan mota a biki nan. Mun ga abin da yake jawowa, yara suna tsaye bakin titi ana juya mota a tsakiyarsu. Bawan Allah nan ya ɗauki motarsa ya tafi inda aka killace don wannan, ya sa hular kwano, shi ne daidai.

Oga_Farfela: Ban da haɗarin ma, walda ba ta filin tsere ba ce, ta masu jan gindin mota ce. A kwana tayar waje tana bin hanya mafi tsawo fiye da ta ciki, dole gudunsu ya bambanta. In ka haɗe su, shiga kwana motar za ta riƙa tura hanci waje, kana juya sitiyari tana cewa a'a. A gari kuma duk ribas da fakin sai ka ji taya tana ƙara tana tsalle, ga cin taya, ga wahalar da shaf. Ranar da aka yi ruwa kuwa sai addu'a. Wanda ya zo garejina da wannan buƙatar nakan ce ya gwada gaba.

Abu_Jekadafari: Tunda an zo maganar saye bari in ba ku labarina ko wani ya tsira. Bara na aika kuɗi aka sayo min difransha ɗan Beljiyam daga wata kasuwar kayan gyara, mai shagon ya turo hoton ɗan ƙarfen da ke maƙale a murfi, an buga S3.23. S ɗin nan ita ce alamar mai riƙo a BMW. Na yi ta murna, na biya kuɗin mota aka kawo shi Gombe a cikin buhu, mai yana ɗiga. Da muka kwance murfin, man da ya zubo baƙi ƙirin, yana ƙyalli kamar an zuba masa garin kwalli, warinsa har cikin maƙogwaro. Muka leƙa, babu faranti ko ɗaya na riƙo, buɗaɗɗe ne fayau. Makanikena ya ɗauki alli ya yi wa haƙori ɗaya alama ya fara ƙirga: babban 41, ƙaramin 14. Ku raba ku gani. 2.93! Irin wanda na cire na ajiye a gida. Ashe ɗan ƙarfen kawai aka ɗauko daga wani aka ɗaura. Na kira mutumin ya ce shi ma haka aka kawo masa daga jirgi.

Baban_Khairat: Innalillahi. Ya dawo maka da kuɗin?

Abu_Jekadafari: Rabi, bayan wata uku da sa bakin shugaban layinsu. Difranshan yana nan na tokare ƙofar shago da shi.

Oga_Farfela: Shi ya sa ba a sayen wannan abin a waya. Ko Kofar Ruwa a Kano za ka, ko Panteka a Kaduna, ko Apo a Abuja, ko Ladipo a Legas, ka tafi da sifana ka ce a buɗe murfi a gabanka. Mai gaskiya ba zai hana ba. Ka ƙirga haƙori da kanka: 41 da 13 shi ne 3.15, 42 da 13 shi ne 3.23, 44 da 13 shi ne 3.38, 40 da 11 shi ne 3.64, 43 da 11 shi ne 3.91. In ba a yarda a buɗe ba, yi alama da alli a inda farfela ke ɗaurawa, ka juya ɓangarorin taya biyu tare sau goma, ka ƙirga juyin gaban ka raba da goma. Sannan ka kula da girman gida. Masu silinda huɗu irin 318i ƙaramin gida gare su, faɗin babban haƙorinsa milimita 168, naka kuwa 188 ne. Za a nuna maka 3.45 na 318 a ce ai lambar ta yi kyau. Kada ka yarda, ƙarfin 2.8 da zafin fili za su gajiyar da shi.

Yarima_E46: Oga na E46 fa? 330i mai otomatik tana da 3.38, kuma sun cika kasuwa.

Oga_Farfela: Gidan E46 daban ne, ba ya ɗaurewa a E36 kai tsaye. Abin da aka saba yi shi ne a ɗauko haƙoran 188 na E30 a zuba a gidan E36. Amma a nan ne ake gane makanike da mai kwance noti. Babban haƙori da ƙaramin tare aka wasa su a kamfani, ba a raba su. Sai an daidaita zurfin ƙaramin, an auna 'yar tazarar da ke tsakaninsu da agogon awo, an shafa fenti an ga inda suke cizon juna, an ɗaure boris daidai ƙima. In aka yi da ka, sati biyu za ka fara jin kuka daga baya kamar ana busa sarewa, daga nan sai haƙori ya cinye. Kuma ka duba bakin da farfela ke kamawa, ba duka ne iri ɗaya ba.

Hajiya_Altezza: A ƙara da mai. Mai riƙo yana son nasa man, 75W-140 wanda aka rubuta na LSD ne. A zafinmu na Maris da Afrilu da ake haura digiri 40, kada a zuba masa na durom da ake aunawa da gwangwani.

Dan_Yelwa_Tudu: Tambaya daga ɗalibi, in an canza haƙori allurar gudu ba za ta riƙa ƙarya ba?

Injiniya_Tumfure: A E36 ba za ta yi ba. Na'urar da ke karanta gudu a murfin difransha take, juyin ɓangaren taya take ƙirgawa, ba na farfela ba. Abin da zai sa ta ƙarya shi ne canza girman taya. Wannan ma ya tuna min wata hanya mai araha. In ya samu rim 16 ya saka 225/45R16, tsayin tayar ya ragu da kusan kashi 4 cikin ɗari, kamar ya mayar da 2.93 ɗinsa 3.05 ne. Ba yawa, amma ranar fili kawai zai ɗaura su, ya dawo gida ya mayar da na gari. Sai dai ta ukun za ta ƙare a wajen 153, mun koma matsalar da na faɗa wa Yarima.

Tsohon_Direba: Ni dai ina karanta ku ina murmushi. Yaro ya shiga fili sau biyu, sau biyu fa, har an fara maganar buɗe bayan mota. Ɗana, kuɗin nan ka saye tayoyi masu kyau, ka canza man birki da takalman birki, ka duba lagireto da famfon ruwa don robobin E36 in sun tsufa fashewa suke yi ba sallama. Ragowar ka biya kuɗin shiga fili sau uku. Kwanar da kake fita da 80 yau, in ka iya layinta za ka fita da 90, a nan kuwa ta ukun da kake zagi tana juyi kusan 3,700, ta farka da kanta. Lambobin da Injiniya ya yi lissafi da su lambobin hannunka na yau ne, ba na motar ba.

Injiniya_Tumfure: Baba, ban ƙi ta taka ba ko kaɗan. Sai dai in hannunsa ya faɗa gudun ƙarshen miƙaƙƙiyar ma zai haura 160, ta ukun ta ƙare masa, dole ya shiga ta huɗu wadda a 2.93 doguwa ce ƙwarai. Ko ta ina aka bi za a dawo kan haƙorin nan.

Tsohon_Direba: A dawo ɗin, amma a lokacin ya san abin da yake nema da bakinsa.

Dan_Wunti328: Na dawo daga gwajin Oga Farfela. Na tashi bayan asuba, na bar ta a ta huɗu tun daga fitar gari har na wuce gadar Dindima na isa Alkaleri. A 100 ba laifi, wajen 3,000 take, har rediyo ina ji. Da na ɗan ƙara sai ƙarar ta cika motar, hannuna kuma sau uku yana kai wa giya da kansa ina janye shi. Tsallake tirela kuwa daɗi, ko saukar da giya ba na yi. A gari zan iya zama da shi. Tafiyar kudu ce ban sani ba.

Baban_Khairat: Ka ga 3.38 ke nan. A 120 wajen 3,400, kuma ka samu kashi 15 na turi.

Sarkin_Totur: Har yanzu 3.91 nake.

Hajiya_Altezza: Har yanzu ba ku samo masa mai riƙo ba, kuna faɗa a kan lamba. Wanda ya fara samu mai lafiya tsakanin 3.23 da 3.64 ya kama, don ba shi ne zai zaɓi kasuwa ba, kasuwa ce za ta zaɓa masa.

Injiniya_Tumfure: Hajiya 3.23 ta ukunsa a 145 take ƙarewa, zai saka ta huɗu ana saura kaɗan birki. Ya fi 3.15 dai, amma ba da yawa ba.

Abu_Jekadafari: In za ka Kano ka biyo ka ɗauke ni, ni zan riƙe allin. Oga Farfela, faranten riƙon nan in sun cinye ana samun sababbi a ƙasar nan ko sai an yi oda?

Oga_Farfela: Oda ake yi. Ɗan Wunti, kafin ka je ko'ina kawo ta in duba notin gaba da ke riƙe difranshan da bushin ɗinsa, a E36 yakan karye in ana fizgar mota. Ka zo da safe, Litinin da rana ina da Marsandi biyu a kan rami.